Ba Ɓari Ba Ne

"Ki daure, Nafeesa, mun kusa," in ji mijina Abdulbaƙi, yana ta danna hon a cunkoson kasuwar kifi ta Kado.

Ni kuwa ina zaune gefensa kamar buhun da aka ajiye. Babu inda ke min ciwo.

Haka nake tun bara da na haifi ɗanmu babu rai. In ci abinci, in yi wanka, in amsa gaisuwa. Ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Hajiyarsa ce ta haɗa wannan tafiyar. Tunda ta zo mana ta sa wa sallata ido: yau in yi, gobe in ajiye, saboda ɗigon jini ruwan ƙasa da nake gani alhali ba lokacin al'adata ba. Yau ta tsare ni a kicin.

"Ke, wannan ba haila ba ce, ciki ne ke neman zubewa. Haka na yi a na mijin naki."

Kafin in buɗe baki ta kira shi, ya baro aikinsa a Idu.

A asibitin, wata nas mai suna Vivian ta gwada ni, ta duba ni. Hausarta irin ta Abuja ce, kowa namiji ne a bakinta.

"Madam, ba ka da ciki. Kana shan wani magani?"

Abdulbaƙi na tsaye a kaina. Na nemi ƙarya na rasa ƙarfin yin ta.

"Ƙwayar tazarar haihuwa."

"To shi ne. Yana yin haka farkon farawa, ko in ka tsallake rana. Ban ga matsala ba, amma in ya ƙi tsayawa ko ya zo da ciwo, ka dawo."

Muka fito muka shiga mota. Bai tada ta ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da Hajiya ta fara cewa lokacin sake haihuwa ya yi."

"Kuma ba ki faɗa min ba..."

"Ba zan iya sake ɗaukar ciki wata tara in dawo gida hannu rabbana ba. In sakina za ka yi, ka yi."

Na faɗa ne kamar mai tambayar kuɗin tumatir. Ya kifa kai a sitiyari.

"Ni na ɗauki ɗanmu zuwa maƙabarta, Nafee. A hannun nan. Tun daga Idu addu'a nake Allah ya sa ba ciki ba ne, ina yi ina jin kunyar kaina. Tsoro nake ji kar in rasa ki."

Sai a lokacin na dube shi sosai. Ashe ya rame haka?

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce. Na sani in ta ji gaskiya, zamana a gidan ya ƙare.

"Lafiya lau take, Hajiya, ba ciki ba ne," ya ce. "Maganin hutu take sha. Ni na sa ta."

Ina jiyo faɗanta daga inda nake zaune. Bai kashe ba, bai kare kansa ba, sai "ki yi haƙuri" yake ta maimaitawa, hannuna cikin nasa.

Nan, a bakin asibiti, mutane na wucewa, na yi wa ɗana kukan da ban yi masa ba tun bara.