Takabar Mas'uda

Mas'uda na tsakar gidansu a unguwar Ɗan Iya tana tsintar wake, aka yi sallama a zaure. Ikrima ne, saurayinta, mai shagon atamfa a kasuwar Muda Lawal. An riga an sa musu rana. Ta fita da fara'arta, ta tarar da shi tsaye, ya ƙi zama.

"Lafiya? Ko yau ba a yi ciniki ba ne?"

"Hajiyarmu ta kalli shirinku na jiya."

Mas'uda 'yar wasan kwaikwayo ce a talabijin. A shirin, ta fito a matar da mijinta ya rasu. Jiya aka nuna ta cikin takaba, ba kwalli, ba lalle, tana kuka a kan tabarma.

"To, sai me? Ai aktin ne!"

"Ta ce macen da ta yi takaba tun kafin aure ta kira wa mijinta mutuwa. Ta ce ba za ta ba ki ɗanta ki binne ba."

"Inna lillahi! Ikrima, darakta ne fa ya ba ni. Wanda ya mutu a shirin ma, ɗazu na gan shi a teburin mai shayi yana cin biredi!"

Bai yi dariya ba.

"Uwata ce, Mas'uda. Ba zan tsallake maganarta ba. Amma wallahi ba zan nemi wata ba."

Aka mayar da kayan sa rana. Mas'uda ta yi kuka har idonta ya kumbura. In ta fita unguwa sai ta ji ana cewa, "Ga mai takaba nan!" Ta ci gaba da aikinta. Manema suka zo, ta sallame su.

Shekara ta zagayo, Allah ya yi wa Alhaji, mahaifin Ikrima, rasuwa. Mata suka samu abin faɗa.

"Kun gani? Tun ba ta shiga gidan ba ke nan!"

Ta je ta'aziyya, Hajiya Bintu ta kau da kai.

Zaman makoki ya watse, kowa ya koma harkarsa. Ikrima na kasuwa, Hajiya na wuni ita kaɗai. Wata la'asar mahaifiyar Mas'uda ta dama kunun gyaɗa ta miƙa mata.

"Kai wa Hajiya."

"Inna, korata za ta yi!"

"Ta kore ki. Gobe ki koma."

Ta kuwa kore ta. Washegari ta koma, ta ajiye kwanon a bakin ƙofa. Daga baya ta fara share tsakar gidan, tana wanke kwanuka, ba mai ce mata sannu. Aka kira ta ɗaukar wani shiri a Jos, babbar fitowa, irin wadda ta daɗe tana jira. Ta ce a ba wata.

Wata rana ta tarar da Hajiya riƙe da hular Alhaji, tana kuka. Mas'uda ta ajiye tsintsiya, ta zauna a gefen tabarmar. Suka daɗe a haka.

Can Hajiya ta share ido.

"Duk wanda ya shigo, 'Hajiya, ki yi haƙuri.' Har na gaji da ji. Ke kaɗai kika bar ni na yi kukana. Wa ya koya miki?"

"Ina firamare Babanmu ya rasu. Ni na zauna da Inna har ta fita takaba. Hajiya, abin da kika gani a talabijin, ban kira wa kowa mutuwa ba. Innata na kwaikwaya. Yadda na gan ta, haka na yi."

Hajiya ta dube ta da kyau, karo na farko.

"Ni ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ga ni a kan tabarmar nan. Astagfirullah! Alhaji ya yi ta ce mini, 'Bintu, ki bar yaran nan su yi aurensu,' na ƙi. Ga shi ya tafi bai gani ba."

Ta kama hannun Mas'uda, suka yi kuka tare.

Da Ikrima ya dawo, uwar ta ce, "Tafi ka gaya wa baffanka, idan na fita takaba a je a ba Innar yarinyar nan haƙuri. 'Yata nake so a kawo mini."

Aka ɗaura auren ba ganga, ba taro, saboda rashin da aka yi. Baffa ne ya karɓa wa Ikrima, a wurin da Alhaji ya so zama.

Yara, ku ji. Ajali na Allah ne, wasa ba ya kawo shi, camfi ba ya hana shi. Wanda aka zalunta ya yi haƙuri ya ci gaba da alheri, Allah ba ya mantawa da shi. Iyaye kuma su binciki hali kafin su raba masu son juna, don wani gyaran yana zuwa ne bayan wanda ya so ganinsa ya tafi.