Sojan da Ke Ƙarƙashin Gonar Yaya Kasembe

Bayan la'asar Yaya Kasembe ya zo ya ce in kai shi gona ya ɗauko injin feshin da ya bari. Lokacin feshin yazawa ne, ko'ina a garinmu Nyangao warin farar wuta kake ji. Na rataya na'urata ta gano ƙarfe a kafaɗa, na goya shi a babur.

"Kai dai Mnali ba ka rabuwa da wannan sandar makafi," in ji shi. "Mutane na neman abinci, kai kana neman matattu."

"Ai matattun a gonarka suke kwance, Yaya. Ko sannu ba ka taɓa ce musu ba."

Ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal. Haka yake, ƙato ne mai yawan raha, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu.

Ni malamin makaranta ne. A nan bakin kogin Lukuledi Jamusawa da Turawan Ingila suka gwabza tun kafin a haifi kakanmu, amma yawancin waɗanda suka mutu baƙar fata ne irinmu, an kwaso su daga ƙasashe masu nisa. Abin da nake nema shi ne ɗan faifan tagulla mai lamba da soja kan rataya a wuya. In na samu, sai in aika lambar ga wata mata da ke aiki a gidan adana tarihi a birnin Dar, ta nemo mini sunan mai shi. Mutum ya mutu, aƙalla a san ko wane ne.

Mun ɗaure injin a babur, rana ta yi ja. Na ce ya ba ni ɗan lokaci in gwada gindin gonar, inda wani tsohon ramin yaƙi ya cike ya zama ɗan kwari. Ban yi nisa ba na'urar ta soma kuka.

Yaya ya karɓi shebur. "Matsa, malamin alli. Hannunka ba na haƙa ba ne."

Kwanson harsashi ya fara fitowa, tsanwa shar saboda daɗewa. Sai maɓallan riga. Sai bakin shebur ya bugi wani abu da ba ƙarfe ba, ba kuma dutse ba. Muka durƙusa muka share ƙasar da hannu.

Mutum ne, kwance rigingine, baki a buɗe. Faifansa na nan a kan ƙashin wuya. Tsakanin haƙarƙarinsa na hagu akwai doguwar wuƙar bakin bindiga, ta shige har ƙota.

Na ciro faifan na sa a aljihu. Na ce mu rufe shi, gobe mu zo da liman.

"Wannan wuƙar fa za ta yi daɗin ɓare rogo," in ji Yaya.

"Bar ta inda take, Yaya."

"Ya isa haka. Bawan Allah ya daɗe da ita a ciki."

Ya kama ƙotar ya ja. Ta fito da wata ƙara, kamar an zare ta daga ɗanyen nama.

Gyare suka yi tsit. Tsuntsayen da ke komawa sheƙa ma na daina jin su.

Warin farar wuta ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, na albarushi da ƙarnin jini, irin na mahauta da rana tsaka.

Na kashe na'urar tun ɗazu, tana jingine a jikin itace. Sai ga ta tana kuka. Ba ta yanke ba.

"Yaya," na ce a hankali. "Tashi mu tafi."

Bai juyo ba. Yana durƙushe, hannunsa na hagu dafe da haƙarƙari, yana numfashi kamar wanda ruwa ya shiga ƙirjinsa.

Wani abu ya wuce ta gefen kunnena da fito. Reshen yazawa ya karye a bayana ya faɗi. Ban ji ƙarar bindiga ba. Wani reshen ya sake faɗowa. Ƙasa ta rinƙa tashi gabana, tsil, tsil, tsil, a jere.

Daga cikin kwarin na soma jin nishi. Ba na mutum ɗaya ba.

Yaya ya ɗago kai. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya yi magana da wani harshe da ban sani ba, shi da ko birnin Mtwara bai cika zuwa ba.

"Ni ne Mnali. Ƙanenka ne."

Ya zaburo.

Na kare fuska da hannu. Wuƙar ta shiga damtsena ta fito ta baya. Ban ji zafi ba tukuna, sai sanyi. Ya murɗa ta ya zare, yadda wanda aka koya wa yake yi. Na faɗi, ya haye kaina, gwiwarsa a cikina. Na riƙe wuyan hannunsa da hannuna mai lafiya. Tsinin na saukowa. Ya taɓa maƙogwarona.

Na ciji hannunsa har na ji ƙashi. Bai ko motsa ba.

Na kai masa karo da goshi a hanci. Jininsa ya zubo mini a ido. Ya ɗan karkace, na zame, na rarrafa. Ya kawo sara ta baya, ya tsarge mini kafaɗa har tsakiyar baya.

Hannuna ya faɗa kan shebur.

"Yaya, don Allah."

Yana tahowa a duƙe, yana kuka, hawaye da jini, yana maimaita kalma ɗaya.

Na buga masa a hannu. Na ji ƙashin ya karye, wuƙar ta yi tsalle. Ya miƙa ɗaya hannun zai ɗauka.

Na buga masa a kai.

Ya faɗi rabi a cikin ramin, bai ƙara motsi ba.

Na kama shi ta hammata ina ja. Ya taho kaɗan, sai ya tsaya cik. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji ana jan sa ta ƙafa.

Ban duba ba. Na rantse ban duba ba. Na kafa dugadugaina a ƙasa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina ja. Takalminsa na roba ya fice, muka faɗi tare a wajen kwarin.

Takalmin ya shige ƙasa a hankali ina gani.

Ban san yadda na kai shi bakin hanya ba. Wani mai motar itace ne ya tsince mu, shi ya kai mu asibiti.

Hannuna na dama bai ƙara riƙe alli ba, da hagu nake rubutu yanzu. Mutanen gari sun ce rigimar gado ce, ban musa wa kowa ba. Liman ya je da jama'a da hantsi suka yi wa sojan salla suka rufe shi. Na'urar tana can, ban aika a ɗauko ba.

Matar nan ta Dar da na aika wa lambar faifan ta kira ni bayan damina. Ta ce sunansa Gambo Zurmi, daga Nijeriya aka kawo shi, ta teku. Ba a taɓa sanin inda ya faɗi ba.

Yaya Kasembe ya warke, karayar ta haɗe. Yana cin tuwon rogonsa, yana salla, bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Amma ya daina raha, kuma bai san matarsa Somoe ba, bai san 'ya'yansa ba. Kullum da yamma yakan naɗe tabarmarsa, ya ɗaure 'yan kayansa a ƙunshi, ya zauna a ƙofar gida.

Ran nan na zauna kusa da shi. Na daɗe ina tsoron gwadawa. Na ce a hankali, "Gambo."

Ya juyo da sauri, fuskarsa cike da murna. Da irin maganarmu ya amsa, amma a karye, kamar baƙon da ya koya a bariki.

"Sunana aka kira? An gama ke nan? Jirgin gida ya zo?"