Wanda Ya Tada Agogunan Mamaci

Ranar da aka buɗe akwatin marigayi Mushe Umara don lissafin gado, gurbi ɗaya aka tarar babu kome a ciki. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, kuma duk Gure an san shi da tara agogunan hannu irin na da, masu aiki da murɗawa, ba da pil ba, wato batir. Kowanne da gurbinsa, an shimfiɗa masa ƙyalle mai laushi. Kafin a rufe baki dangin miji sun yanke hukunci: Ya Kellu ce, matarsa, tunda ita ke gidan. Tana cikin takaba, ba ta haihu da shi ba, ba ta da mai tsaya mata. In ba a sami gaskiya ba, da sunan ɓarauniya za ta bar gidan da ta tsufa a ciki.

Ajidan Manzo na jandarma ya zo da hantsi, zuciyarsa ba daɗi, don shi ma a hannun marigayin ya koyi karatu. Ya durƙusa gaban akwatin a ɗakin da ke jikin zaure, sai ya ji ƙara siririya. Agogunan duk suna tafiya, alhali mai su ya yi makonni a ƙasa. Ya gwada su da salularsa, ya ga kowanne ya yi gaba kaɗan, kuma daidai da juna.

Ya fara da Husseini, ɗan marigayin daga matarsa ta fari da ta rasu, ɗan kasuwa a Damagaram, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

"Wanne ya ɓata?"

"Wani tsoho mai tsagaggen gilashi."

"Ya fi wannan mai ruwan zinariya daraja?"

"Ina fa. Mai sayen da na samu cewa ya yi tarkace ne."

"Sayarwa za ka yi ke nan?"

"Duka. Na faɗa a zaman makoki, kowa ya ji."

"Me ya sa suke aiki har yanzu?"

"Pil ɗinsu bai ƙare ba mana, Ajidan."

Ajidan ya sallame shi. Wanda bai san yadda ake murɗa agogo ba, ba shi ya tada waɗannan ba, kuma mai neman riba ba ya tsallake zinariya ya ɗauki tarkace.

Ya Kellu ta amsa daga bayan labule, muryarta a dishe.

"Inna, kin shiga ɗakin?"

"Tun da aka fita da shi ban shiga ba, ɗana. Kullum bayan asuba yakan zauna ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa bari na sa hannu ba. Da ya tafi, suka yi ta yin shiru har na daina jin ko guda." Ta ƙara da cewa, "Jiya da la'asar na wuce ta ƙofar, sai na ji su. Na ɗauka kewa ce ke wasa da kunnena."

"Wa ya shiga jiya?"

"Masu gaisuwa kan yi salla a can. Akwai baƙi biyu daga Gidigir, sai Ba Illa, da gwiwa ta hana shi zuwa masallaci."

Baƙin makiyaya ne, da inuwa suke sanin lokaci, kuma tare suka shiga suka fita a gaban mutane. Saura Ba Illa, tsohon tela, aminin marigayin tun suna samari. Shi kaɗai Mushe Umara ke yarda ya buɗe cikin agogo tare da shi, suna share ƙura da gashin tsuntsu, suna ɗiga mai da bakin allura.

Ajidan ya same shi a garkarsa cikin kwari, zaune gindin dabino. Bayan gaisuwa ya zauna a kan rairayi, kamar ɗa gaban uba.

"Baba, agogo irin na Mushe, kwana nawa yake yi ba a murɗa shi ba?"

"In ya kai biyu ya yi ƙoƙari."

"To yau na tarar da su suna tafiya. Wani ya murɗa su jiya. Ɓarawon kirki ɗauka yake ya gudu, ba ya tsayawa hidima. Wannan ya tsaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma saita su gaba kaɗan, yadda Mushe ke yi don kada jam'i ya wuce shi. Na san wannan gaban, na sha bulala a kansa ina zaton ban makara ba. Mai saita su haka ya san mai su kamar tafin hannunsa."

Ba Illa ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da agogon naɗe cikin ƙyalle, yana bugawa a hankali.

"Na shiga in yi salla, na buɗe akwatin in yi musu ban kwana, na tarar da su shiru kamar maƙabarta. Hannuna ne ya ƙi haƙura. Wannan ne Mushe ya fara saya da ya kama aiki, a kansa muka koyi buɗewa. Ban iya tunanin a zuba shi cikin tarkace ba."

"Da ka roƙa, da an ba ka. Yau da safe kana wurin da aka kira sunan Ya Kellu?"

"Ina wurin."

"Ka ji?"

"Na ji," in ji shi, kunya ta hana shi ɗaga kai.

A zauren marigayin, gaban dangi, Ba Illa ya maimaita maganarsa da bakinsa. Masu ɗaga murya da safe kowa ya shiga gyaran hula. Husseini ya durƙusa bakin labule ya nemi gafara, ya ce ba ya son a kai tsohon gaba. Ya Kellu ta ce abu ɗaya take roƙo, a sa agogon cikin rabonta. Aka miƙa mata.

Ba Illa ya matso bakin labule. "Kellu, ki yafe mini. Bari in nuna miki yadda ake murɗa shi, kada ya tsaya."

"Illa, ƙarfe ya yi shiru ka ji tausayinsa. Ni na yi shiru ana kirana ɓarauniya, kana zaune." Ta ja numfashi. "Na yafe maka don darajar wanda ke kwance. Amma bar shi ya tsaya, mai shi ma ya tsaya."

Ajidan Manzo ya sa hularsa ya fita.