An Ji Ta Bakin Uwa?

A ɗakin jariran bakwaini suka fara haɗuwa. Ita nas ce, hannunta na cikin kwalbar wani jariri, shi kuwa ya faɗo rungume da kwamfuta, ko hannu bai wanke ba.

"Malam, koma famfo," ta ce. "Har gwiwar hannu."

Ya koma sumui-sumui. Tun ranar yake kiranta Hukuma, ita kuma tana ce masa Injiniya.

Shi ya haɗa manhajar da likitoci ke dubawa idan shawara ta yi nauyi: a ci gaba da injin numfashi, ko a bar jariri ya huta a ƙirjin uwarsa. Da maganar aure ta je kunnen mahaifin nas, ya ce sam. "Ba na ba da 'yata ga wanda ya koya wa ƙarfe yanke wa rai hukunci."

Ta yi kuka. Saƙonsa ya shigo: "Hukumata, kar ki ja da Baba. Ban gina abin kunya ba. Ina nan, ba inda za ni."

Ana haka matar yayanta ta haihu a wata shida. Kwana biyar yaro na kan inji, likita ya tara dangi a ƙaramin ofis. Baba, da ya saba maganarsa ce ta ƙarshe, ya ce, "A cire wayoyin nan, wahalar ta isa." Uban yaron ya sunkuyar da kai.

Likita ya shigar da nauyin yaro, da makonninsa, da hoton ƙwaƙwalwa cikin manhajar. Sai allon ya tsaya cak a kan tambaya ɗaya: An ji ta bakin uwa?

"Ba ya wucewa sai an cike nan," in ji likita.

"Wa ya sa wannan?" in ji Baba.

"Wanda ka kora, Baba," nas ta ce a hankali.

Aka turo mai jego a keken asibiti. "Ɗazu ya riƙe min yatsa," ta ce. "A ƙara masa kwana uku." Likita ya sake duba sakamakon, ya ce akwai hanya. Kwana uku suka zama wata biyu, yaro ya koma gida yana tsala ihu.

Baba ya aika a kira Injiniya. "Ni da furfurata na manta da uwar yaro, kai ba ka manta ba. Na ba ka." Sai ya ɗaga hannu. "Tsaya tukuna. Ke, kirawo min mamanki, a ji ta bakinta."

Mama ta ce ai ta daɗe da yarda, tambayarta ce ba a yi ba. Aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.