Ƙofar da Ta Yi Baƙi

Rana ta yi ja, kafinta na zaune a tsakar gida yana karkaɗe garin katako daga gemunsa, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Kaji suka yi tsit.

An kwana biyu sabuwar ƙofar da ya yi wa ɗakin autarsa tana yin baƙi. Ya ƙwanƙwasa, babu gara. Ruwan sama bai taɓa ta ba. Baƙin daga ciki yake tasowa, ƙarƙashin fenti, kamar jinin da ya kwanta a farce, ƙasanta kuma ya fara ruɓewa. Yau ga shi ta kumbura ta cije, auta na ciki. Ya sa kafaɗa, matarsa ta sa, ko motsi.

"Auta, ja ta can!"

Muryar da ta amsa ta wani tsoho ce. "Ba ta da hannu yanzu."

Matar ta zube. Aka ɗauko malam, ya tsaya ta taga yana karatu a hankali, har yarinyar ta ɗago da idanu jawur.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ita ba komai. Ubanta dai. A bishiyar da ya yi ƙofar nan da ita nake tun kafin a haifi kakansa. Ya yanka ta ɗanya, bai bar ta ta sha iska ba, ya mulka fenti ciki da waje, har ƙasa. Ta ina zan fita? Baƙin nan gumina ne."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Sauri ya yi, ya sani.

"In an buɗe maka, za ka sake ta?" in ji malam.

"Ya kankare gindin ƙofar."

Kafinta ya durƙusa da wuƙa, ya kankare fentin. Baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo, katakon ya yi ajiyar zuciya, ƙofar ta saki.

"Na tafi," in ji muryar, can nesa. "Amma uwata na cikin gadon da ka yi wa surukarka. In duhu ya rufa ba ka fito da uwata ba, zan dawo wa yarinyar."

Auta ta yi atishawa, ta kira babanta.

Ya rungume ta, ya dubi sama, hasken saura kaɗan. "Malam, da surukar tawa da tsohuwar aljanar, wa zan fara gaisarwa?"

Matarsa ta cusa masa wuƙar a hannu. "Ruga, ka gane su a can!"