Kwaɗon Ta Waje Yake

Wari ne ya kai rahoto. Da Sufeto ya iso, sai da kofur ya fasa kwaɗon ƙofar da guduma. Kwaɗon ta waje yake.

Gawar wani tsohon gandiroba na kwance a bayan ƙofa, faratansa duk sun kakkarye. Ba sara, ba suka. Bokiti a lungu, busasshen kofi, tagar kuma an toshe ta da farantin ƙarfe, waldar ko tsatsa ba ta fara ba. Maƙwabta suka ce ba su ji komai ba. Duk layin ya kurumce lokaci guda.

'Yarsa ta iso tana kuka.

"Kullum nake kawo wa Baba abinci."

"Kullum?" Sufeto ya toshe hanci. "Ta ina kike miƙa masa?"

Ta sunkuyar da kai. Rabonta da gidan tun tana da ciki, ga yaron har ya fara rarrafe.

Aka kawo mai waldar bakin titi ofis, dattijo mai ladabi, ba ya kallon idon mutum.

"Tagar aikinka ce?"

"Aikina ne, yallaɓai. Shi ya ce ɓarayi sun dame shi."

"An taɓa ɗaure ka?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To, jeka."

Mai walda ya isa bakin ƙofa ya tsaya, hannuwa a baya. Ƙofar ba a kulle take ba, iska ma kaɗa ta take yi. Shi dai yana jira a buɗe masa.

"Malam," in ji Sufeto, "a wane gidan yari ka koyi walda?"

Mai walda ya juyo.

"A nasa. Batirin mota na sata, ina saurayi. Na yi gardama kan abinci, ya jefa ni ɗakin duhu, daga ni sai bokiti. Ya riƙa zuwa yana cewa, 'Gyara ka ake yi.' Har yau ɗakina ba ƙofa, cire ta na yi."

"Shi ne ka kashe shi?"

"Ban taɓa jikinsa ba, yallaɓai. Rufe shi na yi. Ni ma nakan je in tambaye shi ko ya gyaru."

"Ya gyaru?"

"Ihu kawai ya yi ta yi. Irin nawa."

Kofur ya zaro ankwa, ya tarar har an miƙo masa hannuwan.

"Ina za a kai ni, ɗana?"

"Gidan gyaran hali, Baba."

Kofur ya buɗe masa ƙofa. Ya yi godiya, ya wuce.