Kyamarar da Nana Firdausi Ta Ara

Dab da magariba Safinatu ta sauka daga adaidaita a ƙofar gidan su Nana Firdausi, bayan kasuwar Gumel, don ta karɓi kyamararta. Da ita take neman abinci, tana ɗaukar hoton mata a biki da suna, can cikin gida inda maza ba sa shiga. Ba ta ba kowa aronta. Amma Nana ƙawarta ce tun suna islamiyya, ga shi ta daɗe tana jinya, ta rame, ba ta barci, kullum tana cewa ana bin ta. Da ta roƙa ta ce hoton sunan 'yar yayanta za ta ɗauka a Sule Tankarkar, Safinatu ta kasa hana ta.

Nana ba ta ce mata ta shigo ba. A zaure ta miƙo jakar, kanta a ƙasa. Ta ce yayyafi ya taɓa su a hanya, gara ta goge ta yau, kada ta kwana da danshi.

Ko ba a faɗa ba Safinatu za ta goge. Damina ce, kuma ta san in danshi ya zauna, fumfuna ke cin gilashin daga ciki. Ta iso gida an ɗauke wuta, maigidanta Shehu ya tafi masallaci. Ta yi sallarta, ta kunna tocila, ta zauna a tabarma. Ta zare batir da kati ta ajiye gefe. Ta jawo robar da take adana kyamarar, mai ƙunshin 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse danshi.

Tana buɗe murfin gilashin wani wari ya bugo ta, warin laka da ruɓaɓɓen ganye, irin na tsohon kududdufi. Jikin kyamarar sanyi ƙalau.

Ta busa wa gilashin iska da 'yar robar hura ƙura. Ta shafa ƙyalle mai laushi. Wani ɗigo baƙi a tsakiyar gilashin ya ƙi fita. Sai ta kara bakinta ta huce shi, kamar yadda ta saba.

Hucinta ya bushe. Wani hucin kuma ya taso ya rufe gilashin, daga ciki.

Kwaɗin bayan gida suka yi tsit.

Allon kyamarar ya kawo haske. Safinatu ta dubi batir, yana nan a tabarma.

Ba hoton suna ba ne. Kafaɗar Nana ce da kunnenta, a bakin wani ruwa cikin daji. Bayanta wata doguwar mace, gashi jiƙe ya rufe mata fuska.

Hoton ya sauya da kansa. Ɗakinta ne. Ga tabarma, ga tocila, ga bayanta ita kanta a duƙe. Ga doguwar tsaye a kanta.

Ruwa ya ɗiga mata a wuya.

"Ta ce ke za ki riƙe ni," in ji wata murya a kunnenta, ƙasa-ƙasa.

"Wa?" in ji Safinatu.

"Ƙawarki."

Harshenta ya yi nauyi. Ta nemi a'uziyya ta rasa farkonta. Yatsu masu sanyi suka sauka a kafaɗarta, suna dannawa.

Hannunta ya lalubi tabarma. Batir. Ƙyalle. Murfi.

Ta kifa shi a gilashin.

Wani abu ya yi nishi. Yatsun suka sassauta. Ta cusa kyamarar a roba ta danne da gwiwa, sai a lokacin sunan Allah ya fito mata. Da rarrafe ta fita. A tsakar gida Shehu ya tarar da ita, hijabinta sharkaf, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba.

Ta yi kwanaki cikin zazzaɓi. Malamin da ya yi mata ruƙiyya ya tafi da robar a rufe, ba ta tambayi inda ya kai ta ba. Sana'ar hoto kuwa ta bar ta ke nan.

Da ta samu ƙarfi ta koma gidan su Nana, ta same ta ta murmure tana tankaɗe har da 'yar waƙa. Nana ba ta yi musu ba. Ta ce wani boka ne ya gaya mata abin da ke bin ta ba zai sake ta ba sai an ɗauke shi a gilashi, wani ya huce shi da bakinsa ba tare da an tilasta shi ba. Ita kuma mutum ɗaya ta sani mai yin haka.

"Na ga kin fi ni ƙarfin addu'a, Safina," ta ce. "Na san ke za ki tsira."

Safinatu ta miƙe tsaye.

"Duk addu'ar nan da kike gani, ke nake yi wa," ta ce, ta sa takalminta ta fita.